Hoton Ɗakin Mama Nakiyingi

Kawooya na tsugune a tsakiyar hanya, waya a hannu, yana jiran wata mata mai ɗauke da damin ayaba ta fice daga idon kyamara. Tana ficewa sai ɗan boda, wato mai acaɓan da ya kawo shi daga Mukono, ya cire hular kwano, ya jingina da ƙofar gidan yana washe baki.

"Ɗan'uwa, matsa gefe mana."

"Ai gidan zai fi tsada in ina ciki."

"Banki ba ya son mutum a hoto. Ko inuwarka ce ta fito, sai an dawo mini da aikin."

"To wane irin banki ne wannan da ba ya son mutane?" in ji ɗan bodan. Ya ja babur ɗinsa ya koma ƙarƙashin mangwaro yana girgiza kai.

Kawooya Denis mai kimanta gidaje ne, ko kuma a ce yana kan hanyar zama. Idan mutum ya kai wa banki takardar gidansa yana neman rance, kamfaninsu ake turowa ya auna, ya duba, ya faɗi abin da gidan zai yi a kasuwa. Awo da lissafi ba su taɓa ba shi ciwon kai ba, hoto ne ya sa shi a gaba. Ƙa'idar ta ce a ɗauki gaban gida da bayansa, da hanya ta dama da ta hagu, da kowane ɗaki har kicin da banɗaki. Kada mutum ya fito, kada hoton iyali da ke jikin bango ya fito. Wayar ofis ce ke buga wuri da lokaci a jikin kowane hoto, sannan mai kimantawa ya sa hannu cewa da ƙafarsa ya shiga kowane ɗaki, da idonsa ya gani.

Rahotonsa na farko an dawo da shi ne saboda wata tsohuwa da ta leƙo ta taga a Kireka. Ido ɗaya da gefen ɗankwali kawai ake gani, amma mutanen banki sun gani. Na biyun ya fi ciwo, don shi da kansa ne ya fito a madubin banɗaki, baki a sake, waya a goshi. Hoton nan babu teburin da bai je ba a ofis, har mai dafa musu shayi sai da ta yi dariya ta share hawaye. Shugabansa, Mista Lutaaya, shi bai yi dariya ba. Cewa ya yi idan na uku ya dawo, Kawooya ya bi rahoton su bar ofis tare, idan kuma ya wuce, a tabbatar da shi a aiki ƙarshen wata.

A kan wannan tabbatarwa ya rataye komai, har da budurwarsa Prossy. Shekara biyu ke nan suna tare, tana sayar da magani a wani kanti a Wandegeya, yana zuwa ya saya mata capati, wainar fulawa, da ƙwai su ci a tsaye. Kullum ta ce ya je ya ga gwaggonta, tunda ta hannun gwaggo ake shiga gidan iyayen yarinya, sai ya ce bari dai a tabbatar da shi. Gaskiyar magana tsoro yake ji, kuma Prossy ta sani.

Ƙofa ta buɗe, mai gidan ta fito. Gajera ce kakkaura, ta ɗaure zani a kan riga, ƙafarta cikin takalmin roba na shiga ɗakin kaji. A takarda sunanta Nakiyingi, tsohuwar malamar firamare, tana son ƙara ɗakin kaji a bayan gida. Ta dube shi daga sama har ƙasa kamar wanda ya makara zuwa aji.

"Kai ne na bankin? Na zaci babban mutum za su aiko, mai tumbi."

"Tumbin yana hanya, Mama."

Ta kwashe da dariya ta buga masa tafi a kafaɗa. "Shigo, ɗana, shigo. Dubi yadda ƙurar hanya ta mayar da kai ja." Ta kakkaɓe masa bayan riga da hannunta, ta zaunar da shi a falo, ta kawo shayi da dafaffen rogo da soyayyiyar gyaɗa. Ya ce aiki ya kawo shi, ta ce aikin ba zai gudu ba, rogon ne zai huce.

Sai da ya cinye sannan ya ɗaga kai ya dubi bangon falon. Babu tazarar tafin hannu da ba hoto a wurin. Na biki, na baftisma, na 'yan makaranta jere a kan benci, na wani dattijo da farar doguwar riga da kwat a kai.

"Mama, sai dai fa a sauke waɗannan."

"A sauke wa? Wancan mijina ne. Tun da ya rasu yana wurin nan, ko mai fenti zagaye shi yake yi."

"Minti kaɗan ne. Ƙa'ida ce, kada mutanen banki su ga fuskar masu gida su ce wannan ɗan uwanmu ne, wancan ba namu ba."

Ta gyaɗa kai. "Wannan kam da hankali a ciki," ta ce. "Amma kai za ka hau kujera, ni gwiwata ta yi ritaya tare da ni."

Ya hau kujera yana saukowa da su ɗaya bayan ɗaya, tana karɓa tana goge su da bakin zani, kowanne da labarinsa. Wannan ɗanta ne da ke Jinja, ba ya kira sai yana son ƙwai. Wannan ƙanwarta ce, muryarta ta fi ta kowa a coci, kuma ta fi ta kowa kaucewa. Kawooya na ta dariya, har ya manta da Mista Lutaaya. Ya miƙa hannu can saman labule ya ciro na ƙarshe, ya juyo da shi don ya hure ƙura.

Yarinya ce cikin rigar kammala karatu, hula a karkace, tana dariya wushiryarta a waje. Wushiryar nan ya san ta fiye da lambar wayarsa.

Kujerar ta yi rawa a ƙarƙashinsa. Ashe gidan da Prossy ke cewa "gidanmu can bayan Mukono" shi ne wannan. Ta ina zai gane? Sunan uwa ne a takarda, 'ya kuwa sunan dangin ubanta take ɗauka, shi kuma ko a mafarki bai taɓa kusantar unguwar ba.

"Autata ce, Proscovia," in ji Mama Nakiyingi, ta karɓe hoton. "Kyau kamar ni a da. Sai dai ta je birni ta samo wani matsoraci. Shekara biyu gwaggonta tana share tsakar gida tana jiransa, har tsintsiya ta ƙare. Ko sunansa ta ƙi faɗa mini. Ni na ce mata, ko dai gurgu ne, ko yana da mata a ƙauye."

"Wataƙila yana shiri ne, Mama."

"Shirin me? Sama zai tafi? Mijina da keke na aro ya je wurin gwaggota, tayar baya ma faci ne. Kai kana da aure?"

"Tukuna."

"To ka gani. Duk ku ɗaya ne. Sauko kar ka karya mini kujera."

Ya sauko ya kama aiki, don ba shi da wata dabara. Ya ɗauki falo da bangonsa tsirara, ya ɗauki kicin, ya ɗauki ɗakin baƙi da na yara da banɗakin waje, yana kaucewa kowane madubi kamar mai gudun ɗan sanda. Tana biye da shi tana ɗage labule, tana tura bokiti bayan ƙofa, tana ce masa ya ɗauko ta gefen da rufin bai yi tsatsa ba. Daga ƙarshe suka tsaya a ƙarshen baranda, gaban wata ƙofa mai shuɗin fenti.

"Saura nawa," ta ce. "Tun da safe na gyara shi, sabon zanin gado na shimfiɗa saboda bankinku. Banɗakin yana ciki ta hagu. Shiga."

Kawooya ya tsaya kamar an dasa shi. Duk wanda aka haifa a nan ƙasar Buganda ya san suruki ba ya haɗa hannu da uwar matarsa, ba ya zama da ita ɗaki ɗaya, balle ya sa ido a kan gadonta. Tsofaffi sun ce wanda ya yi haka jikinsa zai kama karkarwa har ya mutu. Shi ya yi jami'a, bai yarda da zancen karkarwa ba. Amma yana da kawu a Masaka da ba ya iya riƙe kofin shayi, kuma ya san abin da mata ke raɗawa in ya wuce.

"Mama, hasken bayan gida bai yi mini ba ɗazu. Bari in sake shi kafin rana ta juya."

Ya zagaya bayan ɗakin kaji ya kira Prossy. Ta ɗauka yana jin hayaniyar masu sayen magani.

"Kina tsaye ko kina zaune?"

"Me ya faru? An kore ka?"

"Ina gidanku."

"Wane gidanmu?"

"Mai shuɗiyar ƙofa. Mai kaji. Na sha shayin mahaifiyarki, na ci rogonta, ta kakkaɓe mini riga da hannunta."

Dariya ta ɓarke mata har sai da ya janye wayar daga kunne. Can kuma dariyar ta tsaya cak.

"Denis, kar ka ce mini ka shiga ɗakinta."

"Shi ya rage. In babu shi rahoton bai cika ba, in bai cika ba Lutaaya ya sallame ni."

"In ka shiga kuma, ranar da gwaggo ta kawo ka a gaban dangi, Mama za ta leƙo ta ga mutumin da ya tsaya a kan gadonta yana ɗaukar hoton banɗakinta. Ka san ba za ta sake iya ɗaga ido a unguwar nan ba?"

"Zan tara gemu. Zan sa tabarau."

"Matar da ke gane ɗalibinta na aji ɗaya bayan ya yi furfura? Ka ba ta wayar ta ɗauka da kanta mana."

"Ni zan sa hannu cewa na shiga da ƙafata."

"To ka san yadda za ka yi. Ni dai ba zan auri mai karkarwa ba. Hotonka da lafiyayyen hannu ma ya aka ƙare?" Wani ya kira ta a kanti, ta ce tana zuwa. Kafin ta kashe ta sassauta murya. "Ina jin tsoro fa, Denis."

Ya tsaya kaji na kallonsa ta cikin waya. Wata dabara ta zo masa, mai sauƙi ƙwarai. Ɗakin baƙi girmansu ɗaya da na Mama in aka duba ta waje. Ya juya gadon, ya canja labule, ya ɗauka ta wata kusurwa, ya rubuta babban ɗaki a ƙasa. Wayar za ta buga wuri daidai, lokaci daidai, babu wanda zai sani. Ya juya dabarar a ransa har ta fara yi masa daɗi, sai ya tuna cewa hannu zai sa a ƙarƙashin ƙarya, kuma da gidan uwar Prossy zai fara. Kunya ta kama shi shi kaɗai a gaban kaji.

Ya dawo baranda ya tarar da ita tana riƙe da ƙofar a buɗe. Bai ƙarasa ba. Ya tsaya nesa, ya sunkuyar da kai, ya haɗe hannuwa a gaba.

"Me ya same ka? Kaji sun tsattsage ka ne?"

"Mama, ba zan iya shiga ɗakin nan ba."

"Maciji ne a ciki?"

"A'a." Ya ƙara sunkuyar da kai. "Matsoracin nan da kika ce, wanda gwaggo ke jira. Ba gurgu ba ne, kuma ba shi da mata a ƙauye. Sunansa Kawooya Denis. Wallahi ban san gidanku ne ba sai da na sauko da hoton."

Mama Nakiyingi ta saki ƙofar. Ta dube shi, ta dubi tafin hannunta na dama da ta kakkaɓe masa riga da shi, ta sake dubansa. Sannan ta ja da baya, ta shige ɗakin, ta turo ƙofar har ta kusa rufewa.

Ya jira. Ba motsi. Zakara ya yi cara a bayan gida, can a hanya ɗan bodan na hira da wani suna dariya. Kawooya ya ji a ransa shi ke nan, ya yi biyu babu, aikin ya tafi, Prossy ta tafi, kuma duk a rana ɗaya cikin rigar da ya goge da kansa. Ya rasa ko ya tafi ko ya durƙusa.

Wayar ta yi ƙara a hannunsa. Mista Lutaaya ne. Gumin hannu ya sa ya danna har da lasifika, muryar shugaban ta cika barandar.

"Kawooya, ina ganin hotunanka suna shigowa. Babu tsohuwa, babu madubi, na ce yau yaron nan ya yi hankali. Ina babban ɗaki?"

"Yallaɓai, akwai matsala. Ina ganin bai kamata ni in kimanta gidan nan ba. Ƙa'ida ta hana mutum aikin gidan danginsa."

"Danginka ne? A takarda ban ga haka ba."

"Mahaifiyar yarinyar da nake nema ce."

"Kun yi aure?"

"Tukuna."

"An gabatar da kai a gidan?"

"Tukuna."

"Ko wurin gwaggo ka je?"

"Tukuna, yallaɓai."

"To ƙa'ida cewa ta yi dangi na jini ko na aure. Ba ta ce yarinyar da kake saya wa capati ba. A wurin banki kai da matar nan ba ku haɗa komai ba. Ka shiga ka ɗauki hoton, ko ka dawo ka ajiye mini wayata."

"Yallaɓai, ba zan shiga ba."

Ya faɗa ne a hankali, har shi kansa ya yi mamakin jin muryarsa. Lutaaya ya ja numfashi zai yi magana, sai wata murya ta riga shi daga bayan shuɗiyar ƙofa. Muryar aji ce, wadda ke kai wa bencin baya ba tare da ihu ba.

"Wa ke magana a wayar nan?"

"Lutaaya ne, shugaban ofis. Da wa nake magana?"

"Da mai gidan. Lutaaya, kai ɗan ina ne?"

"Ɗan Mityana ne, Mama."

"Ɗan Mityana, kuma kake tura yaro ɗakin surukarsa? Kai ka taɓa ganin gadon taka?"

"Subhana... a'a, Mama. Amma ai ya ce ba a yi komai ba tukuna."

"Shi ya ce. Ni kuma da na haifi yarinyar na ce surukina ne. Tunda ya tsaya a bakin ƙofar nan ya ƙi shiga, alhali aikinsa na cikin haɗari, na gama bincikena. Ka rubuta a takardarku, dangi na aure. In bankin na son shaida, ya zo ya same ni."

Kawooya ya dafa ginshiƙin baranda. Abin da ya shekara biyu yana tsoron nema, ga shi an miƙo masa ta tsagar ƙofa, daga bakin matar da ko fuskarta ba zai sake gani da kyau ba. Daɗi ya cika shi har ya ji idonsa na zafi.

Lutaaya ya yi gyaran murya, kuma da jin muryar ka san dariya yake dannewa. "Kawooya, ka dai tabbata ko ƙafa ɗaya ba ka sa ba?"

"Ko yatsa, yallaɓai."

"To madalla, don ba ni da wurin ajiye mai karkarwa a ofis. Gobe zan turo abokiyar aikinka Akello ta sake aikin tun daga farko. Wannan rahoton bai dawo ba, amma bai wuce ba, kar ka fara murna. Maganar tabbatarwa sai ka kawo mini wani gidan cikakke, wanda ba ka neman 'yar kowa a ciki." Ya ɗaga murya. "Mama, a yi haƙuri da mu."

"An yi. A gaida mutanen gida."

Lutaaya ya kashe wayar. Kawooya ya durƙusa a kan siminti yana fuskantar ƙofar da ba ya ganin kowa a bayanta. Sai ya ji ta fara gaishe shi daga farko, kamar yanzu ya iso, cikin wata murya mai nauyi da bai ji ba duk yinin. Ta tambayi hanya, ta tambayi iyayensa, ta tambayi mutanen garinsu da ruwan sama a can. Yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, kansa a ƙasa. Babu sauran "ɗana", babu tsokana.

Da gaisuwar ta ƙare sai ta ƙara da cewa:

"Gwaggon tana gida ranar Asabar. Ni ban ce ka je ba, labari kawai nake ba ƙofa."

"Ƙofa ta ji, Mama."

"Ba sai an tabbatar da kowa a ko'ina ba."

"Na ji."

"To tashi ka tafi. Ni yanzu ba ni da ikon fitowa a gidana muddin kana ciki, ga wake na bari a kan wuta. In ka kai bakin hanya ka yi tari da ƙarfi, don in san ka fita."

Ya tashi ya kakkaɓe gwiwa, ya ratsa falo da sanɗa kamar mai tsoron tayar da jariri, ya fita ya jawo ƙofar gidan a hankali. Ɗan bodan ya taso yana tambaya ko an gama. Kawooya ya ɗaga masa hannu ya jira. Ya juya ya fuskanci gidan, ya gyara wuyan rigarsa, ya cika ƙirji da iska, ya yi tari.